Ciwon Kai A Kasuwar Kilomita Biyar: Shin Murɗa Wuya Magani Ne?

Duk wanda ya yini a kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui ya san cewa bayan kukan rashin ciniki babu kukan da ya kai na ciwon kai. Ɗan dako ya yini da buhu a ka, tela ya yini a sunkuye, direba ya taso daga Duwala ya biyo ta Garwa Bulai da Buwar yana ta jijjiga, ya iso wuyansa ya sanƙare. Da yamma kowa sai ya nufi mai tallar ƙwaya, ko wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, ko mai tausa ya kama kansa ya murɗa har a ji ƙas.

Wannan murɗawar ce ta sa masu sauraronmu suke yawan tambayarmu game da abin da Turawa ke kira kayirofiraktik, da Faransanci kuma kiropiraksi, wato gyaran ƙashin baya da na wuya da hannu. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro shi a garin Davenport na ƙasar Amurka a shekarar 1895, inda ya yi iƙirarin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Likitocin zamani ba su amince da wannan iƙirari ba, amma sana'ar ta ɗore, har Faransa ta halatta ta a shekarar 2002. A Afirka ta Kudu ana koyar da ita a jami'o'i a biranen Durban da Johannesburg.

To, tana maganin ciwon kai? Amsar ita ce, ya danganta da irin ciwon. Akwai wanda ke tasowa daga wuya, ya hau ƙeya ta ɓari ɗaya ya sauko wajen ido, yana ƙaruwa idan an juya kai. Wannan shi ne binciken likitoci ya nuna gyaran hannu kan iya sauƙaƙa shi, musamman idan an haɗa da motsa jiki. Amma game da ciwon ɓarin kai mai zuwa da tashin zuciya da ƙin haske, hujjar da ake da ita ba ta da ƙarfi.

Sai dai a nan wajenmu, ciwon kai sau da yawa ɗan aike ne. Zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da matsalar ido duk suna aiko shi. Mun ga haka a cikin gidanmu, inda wani yayanmu mai shagon atamfa ya shafe watanni ana yi masa tausa da murɗa wuya, ashe jininsa ne ya hau, ba a gane ba sai da bakinsa ya karkace. Yau da sanda yake zuwa masallaci, yaransa ne ke riƙe da shagon.

Murɗawar ita kanta tana da nata haɗari. Akwai jijiyoyin jini biyu da suka ratsa ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa. Fizgar wuya da ƙarfi kan iya tsaga ɗaya, jini ya daskare, a samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma a shekarar 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da majinyaci wannan haɗari kafin a taɓa wuyansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2005, ta ce cikakken mai wannan sana'a sai ya yi karatun aƙalla sa'o'i 4,200 cikin shekara huɗu. Ke nan ba duk mai ƙarfin hannu ne ya cancanci a miƙa masa wuya ba.

Ƙwaya ma ba mafita ba ce. Wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, maganin kansa kan zame masa sanadin ciwon kai. Balle tiramadol, wadda ke kama mutum ta hana shi sakat.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, a fara da awo. A je cibiyar lafiya ta Mamadu Mbaiki da ke cikin unguwa, ko wani asibiti, a auna jini, a yi gwajin zazzaɓi. Idan ciwon ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko bayan faɗuwa daga babur, kada a bari kowa ya taɓa wuyan, a garzaya asibiti. Idan kuwa likita ya tabbatar daga wuya ne, a nemi wanda ya yi karatun abin, a ga takardarsa, a kuma roƙi tausa mai laushi maimakon fizga. Ɗan dako ya raba kaya gida biyu, tela da direba su riƙa miƙewa suna motsa wuya, kowa ya yawaita shan ruwa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.