Gaɓoɓi da ƙirar kalmar «syzygy» ta Ingilishi

Kalmar «syzygy» suna ce da ba a cika ji ba sai a bakin masana taurari. Tana nufin jeruwar rana da duniya da wata bisa layi guda, kamar yadda yake faruwa lokacin husufi. Mun zaɓe ta ne don ta nuna cewa iyakar gaɓa da iyakar saiwa ba kullum suke haɗuwa ba.

1. Furuci. Harufanta 6 ne, babu a, e, i, o, u a cikinsu. Harafin y ya zo sau 3, kowane kuwa wasali ne, don haka gaɓoɓinta 3. Nauyin murya yana kan gaɓar farko. Harafin g ana furta shi /dʒ/, kamar j a bakin Bakano. A «syzygie» ta Faransanci kuwa /ʒ/ ne, irin j da ake ji a wurare da dama na Nijar, nauyin kuma yana komawa ƙarshe.

2. Rabon gaɓa. Ƙamusoshin Ingilishi suna raba ta syz-y-gy. Dalili shi ne gajeren wasali mai ɗauke da nauyi ba ya rufe gaɓa a wannan harshe, sai ya jawo baƙin da ke biye da shi. A Hausa dole gaɓa ta fara da baƙi, shi ya sa Bahaushe zai ce si-zi-ji.

3. Ƙira. Asalinta Girkanci ne, ta bi ta Latinanci, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17. Ɗafa-goshi syn- yana nufin «tare», n ɗinsa ya faɗi gaban z. Saiwa zyg- daga «zygon» take, wato karkiyar da ake haɗa shanun huɗa da ita, danginta ne «joug» na Faransanci. Sai ɗafa-ƙeya -y mai gina suna, wanda ke zama -ies a jam'i. Ke nan rabon ƙira shi ne sy-zyg-y.

Ga z ɗaya, furuci ya ba gaɓar farko, tarihi ya ba saiwa. Saboda haka ya kamata malamin Ingilishi ya rarrabe wa ɗalibansa waɗannan ma'aunai biyu, musamman waɗanda suka fara da Faransanci, don kada kamannin rubutu ya sa su ɗora nauyin murya a gaɓar ƙarshe.