Shin tutocin Zazzau da Kano a wasannin kwamfuta sun dace da tarihi?

Matashin da ke Gyallesu a Zariya, idan ya buɗe wasan Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Sweden ya fitar a shekarar 2013, yana iya zaɓen masarautar Zazzau ya mulke ta daga shekarar 1444.

A wasan, Zazzau da Kano da Katsina kowacce tana da tutarta. Haka nan a shekarar 2021 an ƙara Hausawa a wasan Age of Empires III, inda Sarauniya Amina take jagorantarsu.

Sai dai abin tambaya shi ne: daga ina waɗannan tutoci suka fito?

Tsarin irin waɗannan wasanni yana bukatar kowace ƙasa ta kasance da tambarinta, domin mai wasa ya bambance dakarunsa da na abokan gaba. Wannan tsari ya samo asali ne daga al'adar sarakunan Turai ta ƙarni na 12, inda kowane gidan sarauta yake da zanensa na gado. Inda tarihi bai bar zane ba, masu tsara wasan kan cike gurbin da kansu.

A ƙasar Hausa kuwa, alamomin sarautar da tarihi ya fi ambata su ne tambari da kakaki da takobi. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da figini ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Katsina kuma ta shahara da takobin nan Gajere.

Daular Mali ta fi samun shaida, domin masanin tarihi al-Umari, wanda ya ba da labarin hajjin Mansa Musa na 1324, ya bayyana cewa tutocin sarkin launin rawaya ne a kan ja.

Tutar da tarihin Zazzau ya tabbatar da ita ita ce ta jihadi, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bai wa Malam Musa a farkon ƙarni na 19. Ita ma shaidar izini ce daga Shehu zuwa ga wanda ya karɓe ta, ba tutar ƙasa irin ta yau ba.

Shi ma dagin Arewa, wanda ake yaɗawa a intanet a matsayin tutar Hausawa, tsohon zanen ado ne, amma a zamanin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ne ya zama tambarin Jihar Arewa.

Ga matasa da dama, wasan ne wurin farko da suke ganin tsohuwar taswirar ƙasarsu, kuma abin da ido ya saba gani kan zauna a zuciya tamkar gaskiya. Saboda haka akwai bukatar malamai da iyaye su riƙa nuna musu inda shaidar tarihi ta tsaya, da inda hasashen mai zane ya fara.