KISHI, KISHIYA DA HASSADA: DAGA INA SUKA FITO?



In ka tsallaka iyakar Magama ta Jibiya ka nufi Ɗan Isa ko Maraɗi, za ka iya jin 'yan boko suna cewa *jalousie* in suna nufin kishi. Kalmar Faransanci ce. Ita ce mutanen Holan suka ara suka mayar da ita *jaloezie*. Faransanci ya gado ta daga Latin, Latin kuma ya samo ta daga kalmar Girkanci *zelos*, wadda asalin ma'anarta himma ce da zafin nama a kan abin da mutum yake so.

To ka ga abin sha'awa, kalmarmu ta kishi ma fuska biyu gare ta. In aka ce Malam Wane yana da kishin ƙasa ko kishin zuci, yabo ne. In aka ce kishi ya hana wance barci, ka san ba yabo ba ne.

Daga kishi aka samu kishiya ta hanyar ɗafa-ƙeyar mace, jam'inta kishiyoyi. Masana nahawu ma sun ari kalmar, shi ya sa a aji muke cewa "fari" kishiyar "baƙi" ce.

Hassada kuwa baƙuwa ce, daga Larabci muka aro ta, tushenta *hasad*, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Falaƙ. Ita ba ta da fuskar alheri ko kaɗan. Mai kishi yana kare abin da yake ganin nasa ne, mai hassada kuwa so yake ni'imar wani ta gushe ko da shi ba zai samu ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce hassada ga mai rabo taki ce. 'Yar gida mafi kusa da ita ita ce ƙyashi.

Sai gargaɗi ga masu shirin WAEC da NECO: ku kula da lanƙwasa. Kishi daban, ƙishi daban. Na taɓa duba takardar ɗalibin da ya rubuta "amarya tana ƙishin uwargida". Wato shanye ta za ta yi ke nan! Harafi ɗaya ya sauya ma'ana, maki ya tafi.

Aikin gida: kowa ya gina jimla biyu da "kishi", ɗaya ta yabo, ɗaya ta zargi. Allah Ya ƙara mana basira.