Ko Ka Sani? Na'urar Da Ke Sansano Gwajin Nukiliya A Iska

Akwai injunan da ba su da aiki dare da rana sai zuƙar iska, don a gano ko wata ƙasa ta fasa bam ɗin nukiliya a ɓoye. Yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta 1996 ta tanadi tashoshi 80 irin waɗannan a faɗin duniya, kuma Nijar da Kamaru na cikin ƙasashen da aka ba su.

Injin yakan ja iska aƙalla kubik mita 500 a awa guda, ta ratsa wani ƙyalle mai tare ƙura kamar rariya. Bayan awa 24 sai a cire ƙyallen, a bar shi ya kwana ya wuni, sannan a ɗora shi kan ma'aunin tururin nukiliya na wasu awa 24. Sakamakon kuma a aika Viyana, babban birnin Ostiriya.

Me ya sa ake jira? Domin iskar da muke shaƙa ma tana da nata tururin, wanda babu hannun ɗan Adam a ciki. Iskar radon tana fitowa daga ƙasa da duwatsu, kuma abin da take bari kan ƙyallen yakan rufe komai, sai dai ba ya daɗewa. Shi kuwa beriliyam-7, wanda haskoki daga sararin samaniya ke haifarwa can sama, kusan kullum ana ganinsa. Ranar da ya ɓace ma, injin za a fara tuhuma. Abin da ake farauta shi ne irin su sisiyam-137 da aidin-131, waɗanda fashewar bam ke bari a iska.

Mai wayo yakan binne bam ɗinsa a ƙarƙashin dutse, ƙura ba ta fita. Amma iskar zenon da bam ɗin ke fitarwa ba ta haɗuwa da komai, tana silalowa ta tsagar dutse. Koriya ta Arewa ta yi gwaji a watan Oktoban 2006, bayan kusan mako biyu aka sansano zenon a Yellowknife da ke Kanada. Duk da haka ba a saurin yanke hukunci, tunda masana'antun magungunan asibiti ma suna fitar da ita. Sai an bi sawun iskar an ga inda ta fito.

Wannan batu ya taɓa mu kai tsaye. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Bayan gwaji na uku, Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961.