Yadda Ake Biyan Tallafin Noma a Gundumar Gaines ta Amurka

Gaines wata gunduma ce ta karkara a yammacin jihar Texas, babban garinta Seminole. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, amma tana cikin gundumomin da suka fi noman auduga da gyaɗa a jihar. Kamar sauran manoman Amurka, manomanta suna karɓar tallafi daga gwamnatin tarayya, al'adar da ta samo asali daga dokar 1933 ta zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas.

Wannan tallafi ba rabon taki ko iri ba ne. Kuɗi ne ake zuba wa manomi a asusunsa na banki, bayan ya yi rajista a ofishin ma'aikatar noma da ke kula da gundumarsa. Daga 1996 zuwa 2013 ana biyan wani kaso kowace shekara, ko kasuwa ta yi kyau ko ta lalace. Dokar 2014 ta soke wannan, ta kawo tsari biyu. Na farko, PLC, yana biya idan farashi ya sauka ƙasa da wanda doka ta yanke. Na biyu, ARC, shi ne ya fi buƙatar bayani, domin a nan ne gunduma take zama ma'auni.

Ana duba shekaru 5 na baya, a cire mafi kyau da mafi muni, a ɗauki matsakaicin 3 da suka rage, na yabanyar gunduma da na farashin ƙasa. Idan abin da gundumar ta samu a bana ya gaza kashi 90 cikin 100 na wannan ma'auni, sai a biya giɓin. Kafin dokar 2025 kashi 86 ne. Alal misali, a ɗauka ma'aunin dala 1,000 ne, gunduma kuma ta sami 820: giɓin dala 80 ke nan. Kuɗin ba ya zuwa sai watan Oktoba na shekarar da ke biye da girbi.

Abin lura shi ne, gonar mutum ba ta shiga wannan lissafi. Wanda ƙanƙara ta kashe wa auduga zai iya tashi hannu rabbana idan maƙwabtansa sun yi albarka, wanda kuwa rumbunsa ya cika zai iya karɓar kuɗi idan gunduma ta yi asara. Haka kuma ana biya ne bisa filin da tarihi ya nuna an saba shuka wannan amfani, ba abin da aka shuka bana ba, kuma kashi 85 na filin kaɗai ake lissafawa. Saboda haka mai babban fili shi ke kwasar kaso mai tsoka, ko da yake akwai iyaka ga abin da mutum ɗaya zai karɓa, wadda aka ɗaga daga dala 125,000 zuwa 155,000 a 2025.

Ita auduga tana da nata labari. A 2003 ƙasashen Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi sun kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun, cewa tallafin Amurka yana karya farashin audugar manomansu. Brazil kuwa ƙara ta shigar, ta kuma yi nasara. A 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300, ta kuma cire auduga daga PLC da ARC. A 2018 majalisa ta mayar da ita, wannan karo da sunan auduga mai gurya, wato wadda ba a gurza ba.