*Ƙayyade lokacin cin abinci: zai yiwu ga mai ƙiba da mai ciwon suga?*



Ana yawan maganar wani tsari na rage ƙiba: ka tattara cin abincinka cikin awa 8 ko 10, sauran awannin ba ka cin komai sai ruwa ko shayi marar suga. To shin yana aiki? Kuma zai yiwu a wajenmu nan Talata Mafara, Bakura da Maradun?

*Abin da bincike ya nuna*

A wani bincike da aka wallafa a 2022, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, an bi masu ƙiba 139 tsawon shekara guda. Duka an rage musu abinci, amma rabinsu daga 8 na safe zuwa 4 na yamma kawai suke ci. Masu bin agogo sun rage kusan kilo 8, sauran kusan kilo 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. A wani kuma da aka wallafa a 2023, a Chicago ta Amurka, masu ciwon suga da ke ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare sun rage nauyi cikin wata 6, sugansu ya sauka kamar na masu auna abinci.

Kun ga ke nan ba wani siddabaru cikin agogon. Amfaninsa shi ne yana hana ciye-ciye. Ai ko a hadisi an koyar da mu raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

*Inda gizo ke saƙa*

A gidajenmu babban abinci shi ne tuwon dare, galibi bayan Isha'i, a ci a kwanta. Ga manomin shinkafa a filayen Bakolori da ke fita tun asuba, ga mai kasuwar Talata da zai wuni a tsaye. Ka ce da su kada su ci sai azahar, cikin zafin Afrilu? Da wuya su jure.

Mafi sauƙi shi ne awa 10: a karya da 9 na safe, a rufe da 7 na yamma, wato a matso da tuwo kusa da Magariba. Sai uwargida ta ba da haɗin kai, don ita ke da tukunya. Kuma in an cika awannin da furar da aka zuba wa suga, lemon kwalba da malmala uku, wallahi aikin banza ne.

*Hattara masu ciwon suga*

Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide (Daonil), kada ka fara sai ka ga likita ya daidaita maganin, domin suga na iya faɗuwa har mutum ya suma. In ka ji makyarkyata, gumi, jiri ko bugun zuciya, ko awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, sha abu mai zaƙi nan take.

Mai juna biyu, mai shayarwa da yara, wannan tsari ba nasu ba ne. Kuma ba azumi ba ne, a sha ruwa sosai. Mai son azumin Litinin da Alhamis shi ma ya nemi shawarar likita.

A gwada sati 2, ana awo ana rubutawa, a kai wa likita ya duba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.