Bakolori na gefe, Mafara na cikin duhu

Wutar da mai walda yake jira a Talata Mafara daga nesa take tasowa. Ana samar da ita a madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro a Jihar Neja, ko a tashoshin iskar gas na Kudu, ta hau manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330, a rage ta zuwa 132, sannan ta iso tashar TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, da ke Mafara. Daga nan Kaduna Electric, wanda ke riƙe da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ya rarraba ta zuwa garuruwa.

Matsala ta farko ita ce abin bai kai ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. Manomin rani na Bakura ya san wannan lissafi: idan ruwan kwata ya yi kaɗan, mai gonar ƙarshe shi ke kwana da ƙishi. Mu ne a ƙarshen layi, shi ya sa ko an kawo wutar sai ta zo ja, ta kasa juya fanka balle injin niƙa.

Ta biyun ta fi ciwo, domin ko kaɗan ɗin ba shi da tabbas. Wutar lantarki ba a tara ta a rumbu. Abin da aka samar dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, injuna suna tafiya tare a kan bugu 50 a daƙiƙa. Da zarar babbar tasha ta faɗi ko layi ya tsinke, sauran injunan sai su kashe kansu don kada su ƙone, ƙasa ta yi ɗif. Masu tsara layuka suna da ƙa'ida: duk inda hanya ɗaya ta yanke, a sami ta biyu da za ta ɗauki kayan. Arewa maso yamma ba ta sami wannan gata yadda ya kamata ba. A Satumban 2023 gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi, wuta ta ɗauke a Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da aka dogara da shi ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki ba wuta.

Abin takaici, ga madatsar ruwa ta Bakolori a ƙasar Maradun. An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da injunan da aka tsara su ba da megawat 3. Manoma sun rasa gonaki dominta, wasu har da rayukansu a Afrilun 1980. Daga hekta 23,000 da aka shirya wa noman rani, kusan 15,000 na ban ruwan feshi ne mai dogaro da famfunan lantarki, kuma rashin wuta na cikin abin da ya durƙusar da shi. Megawat 3 ba za ta ɗauki Zamfara ba, kowa ya sani. Amma za ta riƙe asibiti da gidan ruwa da injunan casar shinkafa ranar da babban layi ya faɗi.

Da can hujjar gwamnatocin jihohi ita ce wuta hurumin Tarayya ce. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samarwa da rarrabawa a cikin iyakokinsu. Don haka ya kamata gwamnatin Gusau ta zauna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a kan injunan Bakolori, a haɗa su da sola, a kuma faɗa wa mutanen Mafara da Bakura da Maradun ranar da za a fara aikin.